Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Fashin Baƙi Kan Horon Karen Farauta

Da zarar an kai amfanin gona gida, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai hirar matasa a ƙauyukan Daura ta koma ta farauta. Daga Sandamu zuwa Zango, daga Baure zuwa Mai'adua, tambayar ɗaya ce: yaushe za a buga gangi, kuma wane daji za a fita? Ana gyaran gora, ana wasa barandami, ana haɗa kuɗin mota. Wanda ake mantawa da shi kuwa shi ne mai aikin. Karen da ya shafe damina ɗaure a gindin bedi yana lasar ƙanzo, shi ake so ranar farko ya tashi zomo, ya bi shi, ya kamo, ya fitar da ubangidansa kunya a gaban gayya.

Ina ɗan shekara 14 kawuna yana da wata karya ja, doguwa, mai siririn ƙugu, ana ce mata Guguwa. Duk yankinmu an san ta. A fitar farko ta wannan shekarar, kafin hantsi ya dubi ludayi ta kamo zomo biyu. Na ukun ta bi shi har suka ɓace mana. Da ta dawo sai muka ga tafiyarta ta sauya, tana ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙaya, bayanta ya ƙame, in ka ɗora masa hannu sai ta yi ƙara. Da yamma ta yi fitsari ja-baƙi kamar an zubar da zoɓo. Kwana uku ta mutu. Na ce, "Kawu, me ya same ta?" Ya ce, "Baki ne, ɗan nan. Kirarin da aka yi mata a gaban mutane ya yi yawa." Na yarda, domin kowa haka ya ce.

Sai bayan shekaru, ina zaune a Katsina, na ba wani likitan dabbobi wannan labari. Ban ma kai ƙarshe ba ya gane ciwon. Tsokar da ba ta saba aiki ba, in aka tilasta mata gudu mai tsanani, musamman cikin zafi, farfashewa take yi daga ciki. Wani jan sinadari da ke cikin naman tsoka sai ya kwarara cikin jini, ya je ya toshe ƙoda. Launinsa ne muka gani a fitsarin Guguwa. Masu tseren karnuka a Turai sun daɗe da sanin wannan ciwo, sun kuma san wanda ya fi kamawa: kare mai zafin nema, wanda bai samu horo ba, aka sake shi a gudun da ya fi ƙarfin jikinsa.

Tushen maganar ke nan. Jaki in ya gaji yakan tirje, doki yakan rage sukuwa komai dukan da za ka yi masa. Kare mai zuciya kuwa, muddin yana hangen zomo, ba ya tsayawa. Abin da muke yi masa kirari a kai, shi ne abin da ke kashe shi. Zuciyar da ita aka haife shi, jikin da zai iya ɗaukar wannan zuciya kuwa mai kare ne zai gina shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen da suka fi kowa bin diddigin wannan gini su ne masu tseren karnuka. A Ingila tun 1926 aka buɗe filin Belle Vue a birnin Mancesta, inda inji ya riƙa jan zomon bogi karnuka suna binsa har aka rufe filin a 2020. Sana'a ce da ta ginu a kan caca, karnuka da yawa sun karye a cikinta, har ta kai mutanen jihar Fulorida ta Amurka suka kaɗa ƙuri'ar haramta ta a 2018. Ba yabonta nake yi ba. Sai dai kusan shekara ɗari suna auna numfashi da jini da nauyin kare, kuma abin da suka gano game da jikin kare gaskiya ne ko a Mancesta ko a dajin Kongolam.

Abu na farko da ya kamata mafarauci ya gane shi ne gudu iri biyu ne. Karen tseren Turawa, girehawun, yana kai kusan kilomita 70 a awa, amma babbar gasarsu ta Ingila mita 500 ce kacal, ba a kaiwa sakan 30 an gama. Gudu ne na bashi: tsoka tana ƙona abin da ta ajiye fiye da yadda numfashi ke iya kawo iska, shi ya sa bayan an gama kare ke daɗewa yana haki, yana biyan bashin. A ɗaya gefen akwai karnukan da ke jan keken ƙanƙara a Alaska, a gasar Iditarod mai tsawon kusan kilomita 1,600, waɗanda ke shafe fiye da mako suna sassarfa. Su kitse jikinsu ke ƙonawa a hankali, kamar itacen kirya a murhu.

To karen farautarmu wanne ne a ciki? Duka biyun ne, kuma wahalar ke nan. Yana fita da asuba, ya yini yana sassarfa cikin sheƙa da fako, sannan a tsakiyar wannan gajiya a ce ya fizgi gudun girehawun sau biyar ko shida. Wanda ya fi kama da shi shi ne azawak, karen Buzaye na Nijar da Mali, mai dogayen ƙafafu da busasshen jiki, wanda jininsa bai rasa ratsawa cikin wasu karnukan bakin iyakarmu ba. Kare irin wannan in ka horar da shi kan gudu kaɗai zai ƙare kafin azahar. In ka horar da shi kan tafiya kaɗai zomo zai bar shi da ƙura.

Amma kafin a zo maganar gudu, a fara duba jini. Jajayen ƙwayoyin jini su ke ɗaukar iska daga huhu zuwa tsoka, kuma ɗaya daga cikin sirrin girehawun shi ne fiye da rabin jininsa jajayen ƙwayoyi ne, sama da na sauran karnuka. Namu karen kuwa yana fitowa daga damina da ɓarayi biyu a jikinsa. Akwai tsutsar ciki mai maƙalewa a hanji tana tsotsar jini, akwai kaska wadda ban da shan jini tana sa masa cutar da ke fasa jajayen ƙwayoyin, har shi ma fitsarin ya yi duhu. Ɗaga leɓen karenka ka dubi dasashi. In ja ne mai haske, ka danna da yatsa launin ya dawo cikin sakan biyu, da sauƙi. In ya yi fari fat kamar na tinkiya mai hanta, wannan kare ba shi da abin gudu, ko nawa ka kashe a abincinsa. A kai shi asibitin dabbobi a ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, a maimaita bayan mako biyu ko uku, a karɓo maganin kaska na karnuka. Kada a shafa masa fiya-fiya ko maganin feshin gona, domin fata tana shan su, na ga karen da ya mutu a haka yana dalalar da miyau. A nan ne kuma ake yin allurar ciwon haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke haɗawa. Karen da ke haɗuwa da dila a daji, ya dawo yara su yi wasa da shi, bai kamata shekara ta zagayo babu wannan allura a jikinsa ba.

Bayan jini sai ƙafa, kuma a nan mutane suka fi gajen haƙuri. Zuciya da huhu da tsoka suna saurin karɓar horo, cikin 'yan makonni za ka ga kare ya daina haki da wuri. Jijiya da gaɓa da ƙashi kuwa a hankali suke ƙarfi. Saboda haka akwai wani lokaci mai haɗari da kare ke jin ƙarfi a ƙirjinsa alhali ƙafarsa ba ta isa ɗaukar wannan ƙarfi ba. Zomo ba ya gudu a miƙe, gociya yake yi, kuma a wurin gociyar nan ne yatsa ke gocewa, jijiya ta tsinke. A filayen tsere, inda karnuka ke zagayawa ta hagu kullum, ƙashin da ya fi karyewa yana cikin gaɓar ƙafar baya ta dama, wadda nauyi ke sauka a kanta a kwana. Ka ga ashe ba gudun ne ke karya kare ba, juyawar ce.

Shi ya sa a ganina wanda ke son karensa ya fita gayyar farko lafiya, ya ƙirga mako shida zuwa takwas baya, ya fara tun ana yankan gero. Makonni biyu ko uku na farko tafiya ce kawai a igiya, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. A fara da rabin awa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ta kai awa ɗaya da rabi. A riƙa sauya ƙasa: yau yashi, wanda ke gina cinya, gobe fako da tsakuwa, waɗanda ke taurara tafin ƙafa su kuma rage farce. Tafin karen da ya yi damina a ƙasa mai laima laushi gare shi kamar na jinjiri, ranar farko ƙarangiya da kututturen kara za su yayyanka shi. Farce in ya yi tsawo yana tura yatsa baya duk takun da kare ya yi, a rage shi. In mutum yana da keke, sassarfa a gefen keke tana da kyau. Babur kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Mai babur ba ya jin gajiya, ba ya jin zafin ƙasa, karen kuma ba zai daina bin ubangidansa ba sai ya faɗi.

Gudu mai ƙarfi sai a mako na huɗu, kuma gajere. Mutum biyu su tsaya nesa da juna kamar tsawon filin ƙwallo biyu, a wuri mai laushi wanda aka duba babu rami, ɗaya ya riƙe kare, ɗaya ya kira shi. Sau biyu ko uku, da hutu a tsakani har numfashi ya dawo daidai. Sau biyu a mako ya isa, in ya yi yawa uku. Kafin a sake shi a zagaya da shi minti goma jiki ya ɗumama, bayan an gama ma a sake zagayawa da shi, kada a ɗaure shi nan take tsoka ta sandare. Mutane da yawa ba su san cewa ba lokacin gudun ne jiki ke ƙaruwa ba. Gudun yana ɗan yi wa tsoka rauni ne, a kwana ɗaya ko biyun da ke biye jiki ke gyara wurin ya ƙara masa ƙwari. Wanda ke gudanar da karensa kullum rushewa yake yi ba tare da ya bar magini ya yi aiki ba.

Wannan kira da amsawa yana da wani amfani da ya wuce gina tsoka. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida da ta halatta abin da dabbar farauta ta kamo, a kan wadda aka koya wa take magana, malamai kuma suka bayyana kare mai koyo da cewa shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Da Guguwa tana jin kira a tsakiyar gudu, da Kawu ya iya mayar da ita daga zomo na uku. Karen da ba ya dawowa in an kira shi, babu yadda za a yi ka cece shi daga kansa.

Sai abinci, inda al'adarmu ke da rabin gaskiya. Tsofaffin mafarauta suna cewa ƙosasshen kare ba ya farauta, kuma ba su yi ƙarya ba. Kare mai teɓa ba ya gudu, zafi kuma ya fi saurin kama shi. Gudu da cikakken ciki ma haɗari ne, musamman ga kare mai zurfin ƙirji, domin tumbi yana iya kumbura ya murɗe, ya kashe shi cikin sa'o'i. Inda aka kauce shi ne da aka mayar da wannan hikima ta zama horon yunwa, a hana kare abinci kwana biyu ko uku wai don ya yi zafin nema. Irin wannan kare da safe zai yi kamar ya ci babu, da rana sukarin jininsa ya faɗi, ka ga yana tangaɗi, idonsa ya kafe, wani har ya yi ta shure-shure kamar mai farfaɗiya. In haka ta faru a daji, a shafa masa zuma ko ruwan sukari a dasashi, a ɗauke shi, farautarsa ta ranar ta ƙare. Tsarin da ya dace shi ne ya ci babban abincinsa da yamma, jajibirin fita, ya wayi gari ciki babu nauyi amma jiki da guzuri. In an dawo, a bar shi ya huce, ya sha ruwa, sannan a ba shi abinci.

Me zai ci? Tuwo kaɗai ba ya gina kare. Jikin kare ya fi na mutum iya ƙona kitse, kuma tsokar da ake wahalarwa nama take nema don ta gyaru. Na san halin da ake ciki, mutumin da bai ga nama a miyarsa ba ba za ka ce ya saya wa kare tsoka ba. Amma a kwata ana samun huhu da tumbi da guntayen kitse da araha, akwai ƙananan busassun kifi, akwai ƙwai. A dafa a cuɗa da tuwon. Dafawar tana da muhimmanci, domin ɗanyen kayan ciki mai ƙulluttan ruwa yana sa wa kare wata tsutsa wadda ƙwayayenta ke fita a kashinsa su kama mutane, yara musamman. Hanta kaɗan-kaɗan. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji, a bar shi, in ana son abin ƙarfafa ƙashi a daka ɓawon ƙwai a barbaɗa. Ragowar miya mai albasa da yawa kuwa tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin nan da muke ta wahalar tarawa.

A filayen Ingila, kafin kowane tsere sai an ɗora kare a sikeli, in nauyinsa ya sauya da fiye da kilo 1 daga na tseren baya, ba zai yi gudu ba ranar. Mu ba mu da sikeli a gindin bedi, amma muna da hannu. Shafa haƙarƙarinsa: ya kamata ka ji ƙasusuwan ba tare da ka danna ba, ido kuma ya ga biyu ko uku na ƙarshe. In duka suna ƙirguwa daga nesa, cinya ta shanye, wannan rama ce, ba shiri ba.

Zafi shi ne babban makashin karnukanmu, kuma ya fi muni a farautar ƙarshen rani, watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke kai digiri 40 a Katsina da Daura. Kare ba ya gumi irin namu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Jikinsa a zaune yana tsakanin digiri 38 da 39, gudu ɗaya mai tsanani yana iya kai shi 41, daga nan kuma abin da ya ƙaru ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda ne ke dahuwa. Alamar tana kan harshe: in ya zazzago ya yi faɗi kamar ludayi, ya yi ja wur, miyau ya yi kauri yana igiya, kare yana neman inuwa yana ƙin jin kira, a tsaya. A kai shi inuwa, a zuba masa ruwa a ciki da hammata da tsakanin cinyoyi, a yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, yana riƙe zafin ne. Ruwan sha kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum goma su fita da karnuka ashirin, kowa da gorar ruwansa, babu wanda ya ɗauko jarka ɗaya domin karnukan. Kare mai horo ya fi jure zafi, jiki kuma yana ɗaukar kamar mako biyu kafin ya saba da sabon yanayi, amma babu horon da ke mayar da tsakar ranar Afrilu lokacin gudu. Ɗora bayan hannunka a kan yashi, in ba za ka iya barinsa ba, tafin kare ma ba zai iya ba.

Akwai kuma sabon abu da na gani da idona a wajen wasu matasa, wato ɗura wa kare Tramadol ko ƙwayar ciwon jiki ta mutane kafin a fita. Ciwo shi ne abu guda da ke iya tsayar da kare mai zuciya. In ka kashe masa jin ciwo, zai yi gudu a kan tsagaggen ƙashi har ya ƙarasa karya shi. Wasu magungunan ciwon jiki na mutane kuma suna ƙona tumbin kare su lalata ƙoda ko da ƙwaya ɗaya ce. Kwikwiyo ma a yi masa haƙuri. Karen bana shi ne maganin zomon bana, haka ne, amma ƙasusuwansa ba su gama haɗewa ba sai ya haura shekara. A bar shi ya bi manya a gajerun fita, ya koyi sansana da jin kira, gudun yini guda ya jira baɗi.

Makon ƙarshe kafin gayya ba na ƙara aiki ba ne, na ragewa ne. Gudu mai ƙarfi na ƙarshe ya kasance saura kwana huɗu ko biyar, daga nan sai tafiya mara nisa, abinci yadda aka saba ba tare da sabon abu ba, ruwa a gabansa koyaushe. A fitar farko kuma, ko da kare yana kan ganiyarsa, zomo biyu sun isa, a mayar da shi igiya, komai zugar masu kiɗa. Washegari da sassafe, kafin ya motsa jiki ya ɓoye ɗingishi, a kwance shi a duba yadda yake taka ƙasa, a buɗe tsakanin yatsu a cire ƙarangiya, a bi gadon baya da tafin hannu a ga ko zai noƙe, sannan a tsaya a ga fitsarinsa na farko. In ya fito da duhu, ba jiƙo za a nema ba, mota za a nema zuwa asibitin dabbobi a ranar, domin ƙarin ruwa da wuri shi ne ke wanke ƙodar kafin ta toshe.